Don Me Karsanarmu Take Jinkirin Haihuwa? Aikin Farfesa Rekwot Na Shika

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari a cikin watan Afrilu, ya san abin da ido yake gani. Gonaki sun zama fili fetal. Karan gero da na dawa ya ƙare tuni, ciyawa kuwa sai wadda ta bushe ta yi fari. Shanu suna tsaitsaye a ƙarƙashin gawo, gama shi ne itacen da yake da ganye sa'ad da sauran suka kaɗe, kuma daga cikin mota kana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Yawancinsu Bokoloji ne, watau shanun nan na ƙasar Sakkwato masu gajeren ƙaho da babban tozo da leɓe mai reto.

A wannan yanki, kamar sauran wurare da yawa a Arewa, ba makiyayi kaɗai yake da saniya ba. Manomi yakan ajiye ɗaya ko biyu, ko a gida ko a hannun Bafillatani. Malamin makaranta ma haka. Uwargida kuma tana da awakinta a bayan ɗaki. Su ne asusun gida. Ran da aka kori yaro saboda kuɗin makaranta, ko aka kwantar da wani a asibiti, wurinsu ake dubawa.

To, ga abin da yake cin mutane ba su ankara ba. Saniyar da take haihuwa kowace shekara za ta ba ka maruƙa 8 cikin shekara 8. Wadda take haihuwa shekara bibbiyu, 4 za ta ba ka, alhali kiwo ɗaya ka yi musu, ruwa ɗaya ka ɗebo. A farkon shekarun 1980 masu bincike sun bi garkunan Fulani a kudancin Jihar Kaduna suna rubuta kome, suka tarar karsana takan kai wajen shekara 5 kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma sai an yi kamar shekara 2. In ka tambayi mai shanu dalili, yakan ce, "Haka jininsu yake. Namu ba kamar na Turawa ba ne."

Akwai wani ɗan ƙasarmu da ya yi shekaru da dama yana gwada wannan magana, ko gaskiya ce. Sunansa Peter Ibrahim Rekwot, likitan dabbobi, wanda ya kai matsayin farfesa a Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da take Shika, kusa da Zariya. Labarin aikinsa muke so mu ba ku a wannan wata.

Gonar Shika

Turawan mulki ne suka buɗe gonar shanu a Shika cikin 1928, domin su zaɓi shanun ƙasa masu kyau su yawaita su. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 gonar ta koma ƙarƙashinta, a 1976 kuma ta zama cibiya ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake kira NAPRI a taƙaice. Masu kiwon kaji sun san sunan wurin saboda kazar ƙwai da ake ce wa Shika Brown. Amma shanu ne tushen gidan.

Rekwot bai tarar da fili babu kowa ba. Akwai magabata. Farfesa D. I. K. Osori na sashen likitan dabbobi a Zariya ya horar da matasa da yawa a kan ilimin haihuwar dabbobi. A 1981 shi da A. Y. Zakari da E. C. I. Molokwu suka buga abin da suka gani a jikin shanun Bunaji da Bokoloji: yanayin shekara yana taɓa yadda saniya take neman bijimi, a lokacin zafi da rani alamun sukan raunana. A 1982 kuma E. O. Oyedipe da abokan aikinsa suka yi wani gwaji da ya kamata kowane mai karsana ya ji.

Sun ɗauki karsana 60 suka raba su kashi uku. Kowane kashi ana ba shi abincin da zai ƙoshi daidai da na sauran. Bambancin kawai shi ne yawan furotin, watau abin nan mai gina jiki da yake cikin wake da gyaɗa da angurya. Kashi na fari abincinsu yana da furotin wajen 19 cikin 100, na biyu 13, na uku 8. Na farin suka balaga da kimanin kwana 570. Na biyu sai da suka kai 640, na uku kuwa sun wuce 700. Da aka sake musu bijimi, na farin ne suka fi ɗaukar ciki nesa ba kusa ba.

Ku lura da abu ɗaya. Ko waɗanda aka fi ƙwara a gwajin nan sun balaga kafin su cika shekara 2. Ina shekara 2, ina jiran da ake yi a ruga? Ashe ba jini ba ne kaɗai. Hausawa sun riga sun faɗa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ya juya wajen bijimi

In saniya ba ta haihu ba, ita ake kira juya, ita ake kaiwa kasuwa. Ba safai akan tuhumi bijimi ba. (Masu karatu mata za su ce ba a garke kaɗai ake wannan hukunci ba, ba za mu yi musu da su ba.) Amma saniya juya maraƙi ɗaya take hana ka. Bijimi marar iri kuwa yana iya hana garke duka haihuwar shekara.

Nan Rekwot ya fara. Yana aiki a sashen da ake tara irin bijimai a Shika, saboda haka kullum yana ganin irin a ƙarƙashin madubin likita, yana ƙirga masu motsi da matattu da masu karyayyar wutsiya. A 1987 da 1988, tare da Oyedipe da J. Kumi-Diaka da waɗansu, ya buga sakamakon ciyar da 'yan bijimai na Bunaji, da kuma ruwa-biyu na Bunaji da Firisiya, da abinci mai furotin da yawa da mai kaɗan. Waɗanda suka sami isasshe sun fi saurin girma, sun riga sauran balaga, marainansu sun fi girma, irinsu kuma ya fi yawa da ƙarfi.

Batun maraina ba wasa ba ne. Likitocin dabbobi sukan zagaya su da tef kamar na tela, gama girmansu yana nuna yawan irin da bijimi zai iya yi. Mu kuwa a kasuwa tozo muke dubawa da ƙaho da launi.

Har wa yau a 1987 ya nuna irin bijiman Shika ya fi kyau da damina, yana raguwa da rani. Dalili biyu ne suka haɗu, yunwa da zafi. Jikin bijimi yana ɗaukar wajen wata 2 kafin ya gama ƙera iri. Saboda haka zazzaɓi ko yunwar da ya sha a Afrilu, a Yuni za a ga sakamakonsu, daidai lokacin da shanu suka fara murmurewa suna nemansa. Abokin aikinsa V. O. Sekoni ya bi ta kan sammore, cutar da ƙudan tsando yake kawowa, ya nuna tana lalata irin bijimi, ko bayan an yi magani kuma irin ba ya komawa daidai nan da nan. Makiyayan Sakkwato da suke gangarawa kudu da rani neman ciyawa, wannan magana ta shafe su.

Warin bijimi

Aikin da ya fi fitar da sunan Rekwot waje shi ne wanda ya zo wajen shekara ta 2000, kuma shi ne ya fi ba mu sha'awa.

Tun cikin shekarun 1940 masu tumaki a Ostareliya sun lura cewa in aka raba tumaki da rago na ɗan lokaci, sa'an nan aka sake shi cikinsu farat ɗaya, da yawa sukan nemi barbara kusan tare. Daga baya masana suka gane akwai wani wari a jikin namiji, a gashinsa da fitsarinsa, wanda hancin mace yake ɗauka ya kai ga ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa kuma ta aika wa gidan ƙwai ya farka. A wajen tumaki da awaki da aladu an tabbatar da wannan sosai. A wajen shanu kuwa gwaje-gwajen ƙasashen Turawa sun yi ta saɓa wa juna, waɗansu su ga amfani, waɗansu ba su gani ba.

Rekwot ya ce bari a gwada a kan namu. Ya raba 'yan karsana gida biyu. Kashi ɗaya aka sa musu babban bijimi wanda likita ya yanke masa jijiyar da iri yake bi. Ba dandaƙa ba ce, ku gane. Bijimin yana nan da warinsa da kukansa da sha'awarsa, ciki ne kawai ba zai iya yi ba. Ɗaya kashin aka nisanta su da kowane bijimi. Aka yi ta auna nauyinsu, ana ɗibar jininsu a ga ranar da gidan ƙwai ya fara aiki. Waɗanda suka zauna da bijimi sun balaga da wajen wata 23. Waɗanda aka ware sai da suka wuce wata 26.

Wata 3 ke nan, ba allura, ba ƙwaya, ba kobo.

Ya sake gwadawa a kan shanun da suka haihu, ya ga masu zama da bijimi sun riga sauran komawa neman barbara. Sai dai a nan ratar ba ta da yawa, kwanaki ne kawai, kuma ba mu so mu zuzuta ta. A 2004 ya haɗa abu biyun, ƙarin abinci da zaman bijimi, ya kuma gwada karan masara da tunkuzar angurya a kan karsanan Bunaji. Abin da ya fito fili shi ne wari ba ya maye gurbin abinci. Karsanar da ba ta kai nauyi ba, ko bijimi goma ka kewaye ta da su, jikinta zai ce tukuna.

A 2001 shi da abokansa suka tattara abin da aka sani a duniya game da wannan wari suka rubuta shi wuri ɗaya a wata mujallar masana ta ƙasashen waje. Masu bincike a Turai da Kudancin Amurka sun yi ta ambaton rubutun nan cikin nasu aikin. Mun saba ganin ilimi yana zuwa mana daga ƙetare. Wannan karo daga Shika ya tafi can.

Wani zai ce, "Ai a ruga bijimi kullum yana cikin garke, me ya dame mu?" Gaskiya ne. Amma ku dubi gidajenmu na cikin gari da ƙauye. Mutum ya sayi karsana ɗaya ya ɗaure ta a turke a zaure ko bayan gida, shekara 2 ba ta ga ɗan'uwanta ba. Bijiman unguwa kuwa an dandaƙe su domin huɗa da jan amalanke, ko an turke su ana kiwata su don kasuwa. Irin wannan karsana ce binciken ya fi shafa. In maƙwabta uku ko huɗu suka haɗu suka riƙe bijimi ɗaya lafiyayye, ko a riƙa kai karsana ta yi kiwo tare da garke, an yi aiki da ilimin Shika ke nan.

Barbarar zamani

Ba za a yi zancen Rekwot a bar barbarar zamani ba, tun da yake a sashenta ya yi yawancin aikinsa. A 1949 wani Baturen Ingila, Christopher Polge, da abokansa suka gano yadda za a daskarar da iri bai mutu ba. Yanzu ana zuba shi cikin 'yan siraran tsinkayen roba a ajiye cikin tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai 196 ƙasa da sifiri. A haka yana yin shekaru. Bijimi ɗaya mai kyau yana iya zama uban dubban maruƙa a garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Wahalar ita ce lokaci. Saniya tana neman bijimi sau ɗaya cikin kwana 21, ko kusa da haka. Shanunmu masu tozo kuma nasu neman gajere ne, sa'o'i kaɗan, sau da yawa da dare, wani lokaci ma shiru babu alama. Bijimi ba ya kuskure, hancinsa yana gaya masa. Mutum kuwa yana barci. Domin wannan ne Rekwot da A. A. Voh da sauransu suka yi ta gwada wata allura da take sa shanu da yawa su nemi barbara cikin 'yan kwanaki tare, don ma'aikaci ya zo sau ɗaya ya gama. Allurar tana aiki, amma ga saniyar da gidan ƙwanta ya riga ya farka. Ramammiya ba ta amsawa. In kuma aka yi wa mai ciki, ɓari za ta yi. Kada kowa ya saya a kasuwa ya yi da kansa.

A ganinmu, nan ne aikin masanan bai kai inda ya kamata ya kai ba. Barbarar zamani tana bukatar naitirojin da ba ya yankewa, da babur, da ma'aikacin da zai iso a ranar da aka kira shi. Manyan gonakin madara sun ci moriyarta. Mai saniya biyu a Dancaɗi ko Sifawa, da wuya. Akwai kuma ruɗin da yake biyo ta. Mutane suna jin shanun Firisiya suna cika bokiti da madara, sai kowa ya so jininsu. Amma a Sakkwato zafin bazara yana wuce 40 a ma'auni. Ruwa-biyu yana iya jurewa in akwai inuwa da ruwa da abinci da magani. In jinin Turai ya yi yawa, dabbar takan tsaya tana haki, ba ci, ba haihuwa. Bokoloji ta yi ɗaruruwan shekaru tana koyon zama a wannan ƙasa, kuma a cikin shanun gida tana cikin masu nono. Asara ce a narkar da ita garin kwaɗayi.

Shika ba Boɗinga ba ce

Dole mu faɗi wannan. Shika tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, ƙasar Sakkwato kuwa wajen 600 zuwa 700, daminarta ma ta fi gajarta. Yawancin gwaje-gwajen a kan Bunaji aka yi su, a gonar gwamnati mai shinge da ma'auni. Kada mai karsana a Shagari ya ƙirga wata 23 ya ce an yi masa alkawari. Tunkuzar angurya ma da kuɗi ake saye.

Duk da haka hanyar ɗaya ce, kuma abin da ake bukata yana cikin gonakinmu. Harawar wake da ta gyaɗa suna da furotin fiye da kara ninki biyu ko fiye. Akwai kowar wake, akwai dusa, akwai 'ya'yan gawo da yara suke tsinta. Abin tambaya shi ne wa ake ba. A gidaje da yawa harawa mai kyau ta ragon kasuwa ce da sa na turke, domin kuɗinsu a kusa yake. Karsana da saniya mai shayarwa su ne na ƙarshe. In harawar ba za ta ishi kowa ba, a ware musu rabo daga Maris zuwa saukar ruwa, ko da dami ɗaya ne da yamma. Saniyar da ta shiga damina da sauran tsoka a jikinta tana ɗaukar ciki da wuri, ta haihu kafin wata bazarar ta yi tsanani.

Jinkirin karsana ma tun daga ƙwaryar tatsa yake farawa. In aka tatse uwa ƙarƙaf aka bar wa 'yar maraƙa ɗigo, ta tsumbure ke nan, shekara 3 ba za ta rama ba. Mun san yaran gida ma suna bukatar nonon, kuma ba mu ce a hana su ba. A dai bar mata nono ɗaya cikin huɗun a watannin fari.

Ga uwargida mai awaki, lissafin ya fi sauƙi. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, tana neman bunsuru kowane kwana 21 a kowane lokaci na shekara, cikinta wata 5 ne, tana kuma yawan yin tagwaye. In ana kula da ita tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. Kuskuren da muke gani shi ne ana sayar da manyan bunsuraye masu kyau, a bar ƙanana marasa ƙwari suna barbarar iyayensu da 'yan'uwansu. Gara a riƙa musayar bunsuru da wata unguwa bayan shekara ɗaya ko biyu.

Sai bakkale. Farfesa Saka Nuru, wanda ya shugabanci cibiyar Shika, ya yi bincike a kanta tun cikin shekarun 1970. Ita ce cutar da take sa saniya ɓari sa'ad da ciki ya tsufa, mabiyiya ta maƙale, gwiwa ta kumbura da ruwa. Tana kama mutum, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa wanda akan ɗauka na sauro ne. Kada a taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara, a binne su da zurfi inda kare ba zai tono ba, a kuma tafasa madara kafin yara su sha. Bijimin aro ma a tambayi labarin garkensu tukuna. In ɓari ya yi yawa, akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, daga Boɗinga ba nisa.

Masanan Shika da littafi da fensir suka fara, kuma wannan kowane gida yana da shi. A sa yaron da yake makaranta ya riƙa duba saniya da asuba da kuma magariba. Alamar da ta fi tabbata ita ce ta tsaya cik wata ta hau ta. Akwai kuma yawan kuka, da rashin natsuwa, da farin yauƙi a ƙarƙashin wutsiya. Ya rubuta ranar a kalandar bango. In an kai ta wurin bijimi, ya ƙirga kwana 18 zuwa 24 ya sake dubawa. In ba ta sake nema ba, mai yiwuwa ta ɗauka, bayan wata 2 kuma likita yana iya tabbatarwa da hannu. Daga ranar barbara a ƙirga wata 9 da 'yan kwanaki. In ta nema sau uku a jere ba ta ɗauka ba, kafin a kira dillali, a sa likita ya duba ta, ya duba bijimin kuma.